Tseren Kunamu a Busasshen Tafki

Yaran garejina sun samu sabon abin kallo a waya: tseren ƙananan motocin nan masu kujera ɗaya, waɗanda tayoyinsu ke waje tsirara, ba murfi. Rannan na iske su sun haɗa kai bisa waya guda, ɗayansu na cewa ai bakaniken irin wagga mota ya huta, ya ɗaura taya ya koma inuwa ya sha lemo. Ban tanka ba sai da munka tashi aiki. Sannan na ce su zauna, don ni Arzika na taɓa ɗaura irin wagga taya. Ba a Turai ba, nan ƙasar Sabon Birni. Kuma wanda ke zaune tsakanin tayoyin ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

A wancan lokaci, shekara ta biyu ke nan ruwa bai yi ba. Gero ya fito ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Mata suna jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya ragu, wasu suna tonon gidan tururuwa neman tsaba. Mahaifinmu ya tafi kudu ci-rani, ba aike ba labari, ya bar ni da Inna da ƙanena Ila da ƙananan mata biyu. Ni kuwa ina koyon aiki wurin maigidana Malam Nomau, wanda ɗan maƙera ne kafin ya koma walda da kanikanci. Garejin rumfar kwano ce a bakin tasha. A wannan rani sai mu wuni ba wanda ya kawo ko facin taya. An rufe iyaka, manyan motoci sun ɗauke ƙafa, masu babura sun sayar sun sayi hatsi.

Aikin da ya ta da mu Alhaji Labbo ne ya kawo shi a bayan akori-kura. Alhaji fataucin hatsi da shanu yake yi, yana cikin 'yan tsirarun da farin nan bai taɓa ba. Ya sayo wani abu hannun wani Bafaranshe a Maraɗi da zai koma gida. Da anka sauke shi, mutanen tasha sunka kewaye. Tsawonsa bai wuce tabarma ba, cikinsa kusan yana shafar ƙasa, tayoyi huɗu sun baje gefe, salansa, wato bututun hayaƙi, ta lanƙwaso sama ta baya. Wani tsoho ya ce, “Wanga ai kunama ta.” Sunan da ya bi ta ke nan.

Alhaji ya ce Bafaranshen ya gaya mishi a ƙasarsu yara matasa ake ɗorawa a irinta, su yi ta tsere zagaye bayan zagaye har shekara ta ƙare, wanda ya fi sai a ɗauke shi zuwa manyan motoci. Injinta ya mutu, ba kuma inda za a samu kayansa. Malam Nomau ya kewaya ta, ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce in Alhaji ya yarda zai cire mataccen ya sa mata injin babban babur, ya ja sarƙa zuwa tayoyin baya. Ranar da ta tashi, ni na fara hawa, amma kafaɗuna sunka ƙi shiga kujerar. Sai da anka samo yaro.

Kafin wata ya zagayo, wani attajirin Isa ya ji labari ya ce shi ma sai an ƙera mishi. Daga nan wasu sunka bi. Mu munka ƙera guda uku, wani gareji a Isa ya ƙera nasa. Akwai wani tafki yamma da hanyar Gangara wanda ko kakanninmu ba su taɓa ganin ƙasansa ba. Wannan shekarar ya ƙafe ƙaf, lakarsa ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, ƙasusuwan shanu zube a gefe. Anka sa mutane sunka ja gungume sunka cike tsagogi, anka jera tsofaffin tayoyi anka fitar da hanya. Masu kunamu sunka shirya cewa za a riƙa tsere washegarin kasuwa, mako ɗaya a yi mako ɗaya a huta, har faɗuwar damina. Duk yaron da ya hau yana da tiyar gero. Wanda ya fi yawan zuwa na ɗaya a ƙarshe, buhunan iri ne nasa. Malamai sun yi magana saboda cacar da 'yan kallo ke yi a gefe, amma mai jin yunwa bai tsaya saurare ba.

Ku da kuke ganin sauƙi, bari in gaya muku yadda ake ƙera ta. Gangar jikin fayif ɗin ruwa ne, irin mai kauri. Ba mu da wutar lantarki, da kabaid muke walda, dutsen nan mai wari da ake ɗiga wa ruwa ya ba da iskar da ke kama wuta. Kabaid ya yi wuya saboda rufe iyaka, ruwa kuma ya fi shi wuya. Sau da yawa ruwan da zan sha da rana shi nake zuba wa tukunyar walda. Fayif ɗin ruwa yana da wani farin shafi, in wuta ta taɓa shi sai ya yi hayaƙi mai sa zazzaɓi, don haka sai ka kankare shi da magagari tukuna. Bayan kan direba akwai wani ƙarfe lanƙwasasshe da muke kira baka, shi zai tare ƙasa in mota ta kife. Malam Nomau da kansa yake lanƙwasa shi, ya ɗura wa fayif rairayi ya toshe, ya gasa, don kada ya lotse a gwiwa. Ɗamarar da ke riƙe yaro a kujera kuwa daga bel ɗin injin niƙa muke yanko ta.

Bayan kowane tsere sai an wanke kowace mahaɗa da kananzir, a goge, a shafa alli. In akwai tsaga, ko siririya ce kamar gashi, kananzirin da ya shige ciki zai fito ya ɓata allin. Notin taya kuwa ba a yarda da ƙarfin hannu kaɗai. Sai ka huda shi ka zura waya ka murɗe, don ƙasar tafkin tana girgiza mota har haƙoran yaro su riƙa haɗuwa. Duk wannan za ka iya koya. Abin da ba shi da magani shi ne tayoyin nan na waje. Motar haya in ta gogi 'yar'uwarta, fenti ne zai kwaile. Kunama in tayarta ta gaba ta taɓa tayar bayan wata, ɗaya tana juyawa sama ɗaya tana juyawa ƙasa, sai ta hau ta kamar tsani, motar ta tashi sama. Tun ranar farko Malam Nomau ya nuna mini da hannuwansa biyu yadda abin zai kasance. Daga ranar, duk sadda na ga kunamu biyu sun kusanci juna sai in tuna hannuwan nan nasa.

Ila yana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar, siriri, mai ido a tsaye. Na hana shi zuwa gareji don na san abin da ke ransa. Sai ya tafi wurin Alhaji da ƙafarsa. Na dawo gida da la'asar na iske Inna tana tsame anza, shi kuma yana zaune bakin ƙofa ya ƙi duban inda nike.

Inna ta ce, “Arzika, an ce Alhaji ya ɗauki ƙanenka.”

Na ce, “Inna, ki hana shi. Abin nan ba abin hawa ba na.”

Ta ɗaga ƙwaryar anza ta nuna mini. “Wanga fa, abin ci na?”

Ta ce, “Wa ka ɗaura ƙafafun motar?”

“Ni na.”

“To in kai na, shi hau. Da wani na, ban yarda.”

Ta koma kan aikinta. Ita a ganinta ta sa shi a hannu mafi aminci. Ni kuwa tun daga wannan la'asar ban sake ɗaura noti sau ɗaya na bar shi ba. Sai in ɗaure, in tafi, in dawo in sake sa sifana. Har Malam Nomau ya fara buge mini hannu, ya ce yawan matsi ma yana tsinka zare.

Tseren farko Ila ya zo na uku cikin motoci shida. Yaron da ya zo na ɗaya sunansa Sambo, ɗan Fulani daga wajen Burkusuma, yana tuƙa wa attajirin Isa. Garken ubansa ya ƙare a wannan fari, wasu sun mutu, sauran an sayar a wulaƙance. Sambo ba ya sa takalmi in zai hau, ya ce da tafin ƙafa yake jin ƙasa. Ya san tafkin fiye da kowa, don nan ya yi ta shayar da shanu tun yana ƙarami. Ya san inda laka ta yi kauri da inda rairayi ke ƙarƙashi. Shi da Ila sunka saba da sauri. In an tashi sai su raɓe a inuwar akori-kura su raba ɗan rogon da ɗayansu ya samu. Wata rana ina duba sarƙa ya tsuguna kusa da ni, ya ƙwanƙwasa ƙasa da yatsa, ya ce, “Yaya Arzika, wagga laka in ta ji ruwa ko saniya ba ta tsayuwa bisanta. Kamar sabulu take.” Na ce ai ruwan ne ba mu da shi. Ya yi dariya.

A tsere na uku ko na huɗu ne abin da nike tsoro ya fara nuna kansa. Wata kunamar Isa tana cikin gudu a miƙaƙƙiyar hanya, tayarta ta gaba ta fice. Motar ta kafa hanci ta yi ta juyawa, yaron ya fito da ƙafarsa. Amma tayar ba ta tsaya ba. Ta taho tana tsalle, tana ƙara tsayi, ta nufo jama'a. Kowa yana ganinta, ba wanda ya san ta ina zai kauce. Ta wuce ta gefen kunnena, na ji iskarta, ta sami wani mai tallan goro a ƙugu. Mutumin ya yi wata uku a kwance. Da munka ɗauko tayar munka ga boris ɗinta, ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, ne ya ci wuta ya narke, rairayi ya shiga ya cinye giris. Daga ranar sai da na riƙa warware kowace taya ina wanke boris da fetur bayan kowane tsere. Anka matsar da 'yan kallo baya. Ba wanda ya ce a bari.

Ila ya fara cin tsere. Ya ci ɗaya, Sambo ya ci na gaba, Ila ya sake ci. Alhaji ya riƙa kiransa ɗana a gaban mutane. Wata safiya ina ɗaure shi a kujera sai na ga ɗamarar ta yi mishi yawa, ramin ƙarshe ma bai kama ba. Na ɗauko ƙusa na huda sabo. Bayan mako biyu na sake hudawa. Da na sa hannu in gyara mishi zama, haƙarƙarinsa na ji ɗaya bayan ɗaya ta cikin riga.

Na ce, “Ila, yaushe rabonka da tuwo?”

Ya ce, “Ina ci.”

“Kalle ni.”

Ya kalli sitiyari. Can ya ce, “Injin nan ba shi da ƙarfi, Yaya. Wanda duk yaf fi sauƙin nauyi shi ka wucewa. Dukanmu haka muka yi. Sambo ma.”

Ashe kwana biyu kafin tsere ruwa kaɗai suke sha. A shekarar da kowa ke neman abin sa wa baki, yaran nan suna samun gero suna ƙin ci. Wannan ranar ya gama tseren, ya tsayar da mota, ya kasa fitowa. Na kwance ɗamara na ɗago shi, idanunsa sun juye, kansa ya faɗo mini a kafaɗa. Da a kan kwana abin ya same shi, ban san abin da zan je in gaya wa Inna ba.

Malam Nomau ya tara masu motoci a gindin akori-kura. Bai yi musu wa'azi ba. Ya ce a kawo sikelin da Alhaji ke auna buhu, a auna kowane yaro kafin ya hau, wanda bai kai nauyin babbansu ba a ɗaura mishi jakar rairayi ƙarƙashin kujera ta cike. Sunka yarda, don kowannensu yana zargin ɗan'uwansa da neman yaro mafi rama. Daga nan yunwa ta daina biya, yaran sunka koma cin abinci. Ɗinkin jakunkunan da ɗaure su ya zama wani sabon aikina, don in jaka ta kwance ta zame ƙarƙashin birki, an gama.

Haka munka ja har ƙarshen bazara. Zafi ya kai inda sifana ba ta taɓuwa sai da tsumma. Ila da Sambo sunka zo daidai, saura tsere ɗaya ya raba su. A gidanmu kuwa iri ya ƙare tun tuni, mun cinye shi a tsakiyar rani. Ko ruwa ya sauka ba mu da abin shukawa. Sambo shi ma ubansa ya samu aron gona, ya ce tunda shanu sun tafi sai noma. Buhunan irin suna jingine a motar Alhaji, kowa yana ganinsu.

Ranar tseren ƙarshe, tun hantsi gabas ta yi baƙi. Iska ta tsaya cik. Malam Nomau ya je wurin Alhaji, ina biye da shi.

Ya ce, “Alhaji, a ɗaga wanga tsere. Dubi gabas.”

Alhaji ya duba, ya ce, “Malam Nomau, shekara biyu hadarin ga na yi muna haka. Shi taso, mu fito da ƙorai, iska ta kwashe shi. Jama'a sun taho tun daga Isa da Unguwar Lalle. In munka ga ruwa sai mu tsai da su.”

Gaskiya ya faɗa game da hadarin, kowa ya san haka. Na koma wurin Ila ina ɗaure mishi ɗamara. Na ce, “In ka ji ɗigo ɗaya a hannunka, ɗauke ƙafa daga totur. Kada ka taka birki, bar ta ta tsaya da kanta. Ka ji ni?”

Ya ce, “Sambo fa, zai ɗauke?”

Na je wurin Sambo na faɗa mishi haka. Ya dubi gabas, ya dubi inda buhunan suke, ya ce, “In Ila ya ɗauke, za ni ɗaukewa.”

Anka kaɗa ƙyalle sunka tashi. Zagayen farko lafiya. Na biyu lafiya, Ila a gaba, Sambo manne da shi, sauran sun zama baya. A zagaye na gaba iska ta taso mai sanyi, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa wanda mun kusa mantawa. Ruwan bai fara ta wurinmu ba. Can ƙarshen tafkin ya sauka, wajen wani gawo da makiyaya sunka sassare, daidai inda kwana mafi tsanani take. Na ga ƙasar wurin ta sauya launi daga fari zuwa baƙi, tana sheƙi.

Jama'a duk sunka juya wa tsere baya. Maza sunka ɗaga hannuwa sama suna salati, tsofaffi suna kuka, mata suna guɗa daga nesa. Mutum ɗari nawa ne a wurin, amma ina jin mu biyu kaɗai ke kallon motoci. Malam Nomau ya fizgi jan ƙyalle ya ruga cikin fili yana kaɗawa. Bai yi nisa ba ruwan ya iso shi, ƙafafunsa sunka zame, ya faɗi rigingine. Yaran kuwa sun riga sun wuce mu, sun miƙa wajen gawon. Ina jin kukan injinan biyu. Ina jira ɗaya ya sassauta. Ba wanda ya sassauta.

Ila ne ya fara shiga baƙar ƙasar. Ya juya sitiyari, motar ba ta bi ba, bayanta ya zamo gefe a hankali. Sambo yana bayansa da taki kaɗan. Na ga tayarsa ta gaba ta taɓa tayar bayan Ila, ta hau. Kunamar ta miƙe tsaye, cikinta yana kallonmu, tayoyin suna juyawa a iska. Ta yi kamar ta tsaya a can. Sannan ta juya ta faɗo ta baya.

Ban san sau nawa na faɗi kafin in kai ba. Lakar ta zama yadda Sambo ya ce. Daga baya rarrafe na yi. Motar Ila na fara iskewa, ta daki tayoyin gefe ta tsaya, shi yana ciki, laka ta rufe mishi fuska, hannunsa na hagu ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Ya buɗe baki, ba maganar kansa ya yi ba. Ya ce, “Yaya, Sambo.”

Motar Sambo tana kife. Bakan bai karye ba, amma ƙasa ta yi laushi, ya nutse cikinta har rabi. Fetur yana zuba daga tanki yana bin wuyan yaron, salansa tana ƙara duk sadda ruwa ya taɓa ta, tururi yana tashi. Na san in wuta ta kama ba mai fitar da shi. Na cusa hannu na fizge wayar filogi, na kwanta cikin laka na leƙa. Idonsa biyu. Bai yi kuka ba.

Ya ce, “Yaya Arzika, ƙafafuna na nan?”

Na duba. Suna nan, ko ƙwarzane babu. Na ce, “Suna nan.”

Ya ce, “To ban jin su.”

Malam Nomau ya iso da wasu mutum uku, munka ɗaga motar a hankali, na yanke ɗamara da wuƙa. Maigida ya hana kowa ya sungume shi. Anka ciro ƙyauren bayan akori-kura anka zura ƙarƙashinsa. Hanyar Isa a lokacin ba kwalta. Motar Alhaji tana tafiya tana wutsil-wutsil, mu huɗu muna riƙe da ƙyauren don kada ya motsa, Ila yana gefe ya rungume hannunsa. Duk ƙauyen da munka ratsa, yara suna tsalle tsirara cikin ruwa, mata sun jera tukwane, mutane suna ɗago muna hannu suna barka. Sambo yana kallon sama, ruwa yana zuba mishi a fuska. Sau ɗaya ya yi magana, ya tambaya ko ruwan ya kai Burkusuma.

A asibitin Isa anka ɗaure hannun Ila, anka ce Sambo sai Sakkwato, ƙashin bayansa ne. Alhaji da attajirin Isa sunka kai shi. Ya rayu. Bai sake takawa ba. Hukuma ta aiko ta hana tseren, ko da yake ba a bukatar hani, don kafin mako tafkin ya fara tara ruwa. Tunda ba wanda ya ƙare zagaye, anka raba irin tsakanin yaran duka. Da namu kason munka shuka gonar mahaifinmu, Ila yana binne rami da ƙafa, hannu a rataye. Ya warke, amma har yau da yake da jikoki a Unguwar Lalle, ko babur ba ya tuƙawa. In tafiya ta kama shi sai dai a goya shi, kuma sai ya ce a yi sannu.

Gero ya fara fitar da kai sadda wani dogon Bafulatani ya zo gareji, da sanda da malfa. Ya yi sallama, ya ce shi ne Malam Jaɓɓi, uban Sambo. Kunamar ɗansa tana bayan rumfa, mai ita ya ce ba ya son sake ganinta. Malam Nomau ya shimfiɗa mishi buhu, ya ƙi zama. Ya ce a nuna mishi abin.

Ya daɗe tsaye a kanta. Ya taɓa bakan da sandarsa, ya taɓa taya. Ina jira ya zage mu ko ya kai mu ƙara, da ya yi ba za ni ce komai ba. Sai ya juyo ya ce, “A Sakkwato na ga guragu da wani keke mai ƙafa uku, da hannu suka murza shi. Ƙarfen ga ya isa a yi irinsa?”

Malam Nomau ya ce, “Ya isa, Malam.”

“Yaron ya gaji da kwanciya. Shina son ganin waje.”

Da ya tafi, Maigida ya miƙo mini zarto, ya ce wannan aikin nawa ne daga farko har ƙarshe, shi ba zai sa hannu ba. Shi ne aikin farko da na yi ni kaɗai. Na yanka gangar jikin na zaɓi fayif ɗin da bai lanƙwashe ba. Tayoyin kunama sun yi faɗi, hannu ba zai iya jan su cikin rairayi ba, sai na nemo na keke. Sarƙar ita ce dai ta motar, na rage ta na ɗaga ta zuwa wani mamurɗi daidai ƙirji. Kujerar ma ita ce, na buɗe ta na yi mata shimfiɗar auduga saboda mai irin ciwonsa ba ya jin gyambo sai ya ci nama. Birki biyu na sa mata, ɗaya na tafiya ɗaya na tsayuwa.

A kan amalanke anka kawo Sambo ranar da anka gama. Ya yi fari, ƙafafun sun sirance. Ya gaishe ni da Yaya Arzika kamar kullum, ya tambayi hannun Ila. Munka ɗora shi a kujerar. Ya shafa ta, ya gane ta. Ya kama mamurɗin ya juya, keken ya motsa. Ya sake juyawa. Ya kewaya filin tasha sau ɗaya, ya gwada birki, ya dawo gabana.

Ya ce, “Tana ja hagu kaɗan.”

Na tsuguna na saita tayar gaba. Ya gwada, ya gyaɗa kai.

Sunka yi sallama sunka kama hanyar arewa, mai amalanke ya yi gaba abinsa. Gero ya yi kore a hagu da dama, ya fi mutum tsayi. Sambo yana gaba yana murzawa, ƙarfen yana ƙara a hankali. Malam Jaɓɓi bai tura shi ba, bai kuma riƙe keken ba. Ya gitta sandarsa a kafaɗu, ya rataya hannuwa bisanta, ya bi bayan ɗansa da irin takun da yake bin shanunsa da shi. Muna tsaye bakin rumfa har gero ya rufe su.